Gaiwa a Cikin Kwalba

Har yanzu da na tsufa, in aka zo buɗe kwalba mai murfin murɗawa a kusa da ni, sai na kau da hanci tun kafin murfin ya fita, ko da zuma ce a ciki. Jikokina dariya suke yi mini. Ba su san inda abin ya samo asali ba. Daga ajinmu na elemantare a Gashuwa ya samo asali, 'yan shekaru bayan an gama babban yaƙin Turawa, kuma a kan wata gaiwa ce da mahaifina ya haƙo da hannunsa.

Mu Badawa ne, mahaifina masunci. A kan gora ya yi rabin rayuwarsa, yana kife a kanta yana bin ruwa da koma. Bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, Hausarsa ma ta kasuwa ce, a gida Badanci muke yi. Amma mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma ya san da haka, yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da dukiya. In ya ce wa mai saye kifin nan na jiya ne, to na jiya ne, ko da faɗin hakan zai sa mai sayen ya wuce gaba.

A makaranta akwai darasin da ake ce wa sanin halittu. Kalmar kimiyya ba ta iso mana ba tukuna. Malamin da ke koyar da shi saurayi ne daga can yamma, sabon fitowa daga makarantar horon malamai, ga farin kaya, ga agogon hannu da yake dubawa ko ba a tambaye shi lokaci ba. Tun da ya zo garin bai taɓa taka fadama ba. In iska ta kwaso warin banda daga bakin kogi, sai ya ciro hankici ya toshe hanci, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar daga jikinmu warin ke fita. To, wani lokacin daga jikinmu yake fita.

Kayan koyarwarsa suna cikin wani kabad a kusurwar aji, da kwaɗo, makullin yana rataye a wuyansa. Akwai mayen ƙarfe guda, da gilashin ƙara girman abu, da wata ƙatuwar kwalbar alewa da aka samo daga kanti a Nguru, babu komai a cikinta. Duk ranar Alhamis yakan buɗe kabad ɗin ya goge musu ƙura ya mayar. Shekara biyu na yi a hannunsa ban taɓa gilashin nan ba. Mayen ƙarfen sau ɗaya ya ɗaga mana shi daga nesa, ya ce yana jan ƙusa, muka ce yana jan ƙusa, ya mayar ya kulle. Ko ƙusar bai kawo ba.

Sai kuma wani hoton kifi da ke manne a bango. Fari ne fat mai sheƙi, irin na tekun wata ƙasa, ba wanda ya taɓa ganin irinsa a cikinmu. Kogi yana nan bayan makaranta, in ka yi shiru kana jin hayaniyar masu wanki, amma a jikin wannan takarda aka koya mana kifi. Yadda ake darasin shi ne ya karanta layi daga littafinsa, mu maimaita da ƙarfi sau uku, sa'an nan mu rubuta a allo. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne mai ƙoƙari.

Ran nan da bazara ya karanto mana: “Kifi ba ya rayuwa sai a cikin ruwa.” Aji ya ɗauka. Ni kuwa bakina da bai iya zama a rufe ba, sai na ɗaga hannu na ce, “Malam, ban da gaiwa.”

Ya ce, “Ban da wa?”

Na ce, “Gaiwa, Malam. In fadama ta bushe tana shiga ƙasa ta kwanta har ruwa ya dawo. Babana yana haƙo ta. Shekaranjiya ma mun ci.”

Ya juya ya tambayi aji ko akwai wanda ya taɓa jin wannan shirme. Mu talatin da wani abu ne a ajin, kuma na rantse babu yaro ɗaya a ciki da bai taɓa cin gaiwar haƙo ba. Wasu ma tare muka je haƙon. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon allonsa. Tsumagiya shida na sha a tafin hannu, uku don katse malami, uku don ƙarya.

Da yamma mahaifina ya ga ina cin tuwo da kyar, ya kama hannuna ya juya. Na gaya masa. Dukan bai dame shi ba, shi ma yakan dake ni. Sai da na ce uku na ƙarya ne ya ajiye lomarsa. Ya ce, “Ƙaryar wa? Taka ko tawa?” Na ce ai maganar tasa ce na faɗa. Ya ce, “Baƙo ne, bai sani ba. In ya gani zai sani.”

Ranar Laraba bayan an tashi ya ɗauki dagi, na bi shi fadamar da ke hanyar Katuzu. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, in ka taka ba takalmi sai ka yi rawa. Ya yi ta tafiya a sunkuye har ya sami wani ɗan rami da bai fi kan ɗan yatsa ba. Ya zura tsinken ciyawa a hankali, ya miƙo mini ƙarshensa in riƙe, na ji abu ya motsa a ƙasa. Ya ce mini ta nan take shan iska. Bai fasa gidanta ba kamar yadda yake yi in ci za a yi. Ya haƙa kewaye, ya ciro dunƙulen gaba ɗaya, ya kai girman ƙaramin tulu, ya sa a kwando ya ɗauko a ka.

Washegari Alhamis ya sa rigarsa ta zuwa masallaci ya zo makaranta da kwandon. Ya durƙusa a bakin ƙofar aji ya gaida malamin, yaron da bai kai ƙaninsa ba. Ya ce, “Malam, ga abin da yaro ya faɗa. A ba ni daro da ruwa.” Hedimasta ba ya nan, malamin kuma bai sami hanyar korar dattijo a gaban yara ba, sai ya ce a kawo. Ya ƙwanƙwasa dunƙulen da bakin tsumagiyarsa, ya ji shi kamar tubali. Mahaifina ya sa shi a daro ya zauna a gefe.

Aka ci gaba da lissafi, ba mai ji. Idon kowa yana kan daro. Ƙasar ta jiƙe ta fara zubewa, wata baƙar fata kamar busasshen ganye ta bayyana, ita ma ta yi laushi. Can wajen azahar abin ya warware. Gaiwar ta kai tsawon kamu guda, ga 'yan siraran hannuwanta kamar igiya. Ta zagaya daron sau ɗaya a kasalance, ta taso ta fito da baki ta haɗiyi iska, ta koma. Aji ya kaure da ihu, har waɗanda suka sunkuyar da kai ran nan. Ban taɓa jin daɗin makaranta irin na wannan lokaci ba, kuma ban ƙara ji ba.

Malamin ya yi tsaye, fuskarsa ta yi kicin-kicin. Da ya ce, “Ashe haka ne,” da shi ke nan, da mun ɗauke shi a ka mun zagaya gari. Sai ya ciro makullin wuyansa ya buɗe kabad, ya ɗauko kwalbar alewa, ya ce za a ajiye ta don nazari. Ya sa aka zuba ta ciki, ya ɗauki buta ya cika kwalbar da ruwa har yana zuba ta baki, ya ɗauko murfi.

Mahaifina ya miƙe ya ce, “Malam, rage ruwa. Bar mata wuri. Tasowa take ta sha iska. In ka rufe haka mutuwa za ta yi.”

Malamin ya yi murmushi ya ce, “Baba, nan makaranta ce, ba bakin kogi ba. Kifi a ruwa yake numfashi. Yana rubuce a littafi.”

Mahaifina ya ce, “Mai littafin ya zo nan fadamar tamu?”

Da gaske yake tambaya, so yake ya sani. Amma yara suka tuntsire da dariya, dariyar nan kuwa ita ta kashe gaiwar. Malamin ya murɗa murfin har sai da jijiyar hannunsa ta fito. Mahaifina ya dubi kwalbar, ya dube ni, ya ɗauki kwandonsa ya ce, “To Malam, kai ka sani.” Ya fita.

Muna zaune muna gani ta taso ta dungura baki a murfin, ta koma, ta sake tasowa. Kafin a tashi ta fara bugun gilashin da jiki. Dukanmu mun san abin da ke faruwa, 'ya'yan masunta ne mu. Ba wanda ya yi tari. Malamin ya mayar da kwalbar kabad ya kulle, kashegari kuma Juma'a ce, ba makaranta.

Ranar Asabar ya ciro ta. Gaiwar ta juya ciki sama, ta kumbura, ruwan ya yi fari-fari kamar tsaki. Ya ɗora kwalbar a tebur ya ce mu duba da kyau. Ya ce ga shi an ba ta ruwa isasshe, abin da kowane lafiyayyen kifi ke bukata, amma ta mutu. Me wannan ya nuna? Ya nuna cewa dama a kan hanyar mutuwa take. Wani ne ya kamo ta a kogi ya lulluɓe ta da laka ya shanya, don ya zo ya yi wa makaranta wasa da hankali. Ya ce, “Wayon 'yan su ne, na san irinsa.” Sa'an nan ya ce mu maimaita layin ran nan sau goma, ni in ja baƙi. Na ja, suka amsa, ajin yana amsa-kuwwa. Tir da wannan safiya.

Bai zubar da ita ba kuwa. An ce mai duba makarantu zai zo, kuma yana son ya ga kwalabe da abubuwa a ciki. Maganin da ake jiƙa irin waɗannan abubuwa don kada su ruɓe babu shi a garin, sai malamin ya toshe hanci ya buɗe, ya antaya gishiri tafi biyu, ya rufe. Ya manna takarda a jikin kwalbar ya rubuta “Tarwaɗa” da kyakkyawan rubutunsa. Tarwaɗa! Ko jaririn Gashuwa ba zai kira gaiwa tarwaɗa ba.

Da zafin bazarar nan, kwana huɗu kabad ya fara magana. Ƙudaje suka yi masa baƙi ƙirin. Yaran da ke zama a kusurwar suka riƙa fita suna amai a bayan aji. Malamin da ba ya iya jure warin banda ya yi kwana tara yana koyarwa da hankici a hanci. Mai dubawa bai zo ba. A rana ta goma hedimasta ya shigo, ya tsaya cak a ƙofa, ya ce a fitar da ko mene ne wannan yanzun nan. Malamin ya ce wanda ya kawo ƙazantar shi zai kwashe, kwalbar kuma a dawo da ita a wanke, kayan makaranta ce.

Na kai ta bayan katanga. Murfin ya ƙi murɗuwa, na matse ta tsakanin gwiwoyina na sa ƙarfi, sai ya fita da huci, ruwan ya fantsamo mini a fuska da baki. Abin da ke ciki ya daina zama kifi, ya zama kamar kunu mai ƙaya. Da hannu na kwaso wanda ya manne a gindi, don ya ƙi zubowa. Na wanke ta da toka sau biyar, na wanke kaina a kogi har fatata ta yi zafi. Kwana uku ina jin abin a maƙogwarona.

Maganar “wayon 'yan su” ta riga ni isa gida, yara sun kai. A gari ba wanda ya yarda da malamin, kowa ya san gaiwa, abokan mahaifina ma dariya suka yi ta yi. Shi bai yi ba. Ya daina bin hanyar makaranta in zai je kasuwa, yana zagayawa ta bayan masallaci. Abin da ke cinsa shi ne mai ilmi ya kira shi maƙaryaci a gaban ɗansa, kuma an sa ɗan ya ja baƙi. Amma ya tsaya a kan cewa wannan malamin yaro ne kawai, na sama da shi ba za su yi haka ba.

Da shekara ta zagayo aka zaɓe mu mu huɗu mu je Nguru jarrabawar shiga midil. Da safen da za mu hau mota mahaifina ya raka ni har tasha, abin da bai saba ba. Ya ja ni gefe ya ce da Badanci, “An ce Bature babbansu zai zo. In ka gan shi, ka gaya masa maganar gaiwa. Ka ce ubanka bai lulluɓe komai da laka ba. Ba sai an yi wa malamin komai ba, a dai sani.” Na ce zan faɗa. Ya ce in ce wallahi, na ce wallahi.

Malamin nan shi ya raka mu. Motar ta kafe a rairayi sau uku, muna sauka muna turawa, shi yana zaune a gaba. Da muka kusa gari ya leƙo ya ce mana takardar kowane yaro sai da sa hannunsa za ta wuce, kuma duk wanda ya kunyata shi a gaban Bature da surutun ƙauye, ya shirya komawa kan gora. Ni yake kallo.

A Nguru na fara ganin jirgin ƙasa, da buhunan gyaɗa da ƙiraga jibge a tasha, da 'yan makaranta masu takalma. Wani ɗan midil da ya zo hutu ya wuce mu da littattafai a hammata, yana magana da abokinsa da Turanci. Ba zan ɓoye ba, na so abin nan har cikin raina. Na so in zama shi, ban so in koma in kife a kan gora har in mutu ba.

Bayan an yi rubutu da lissafi, aka riƙa kiranmu ɗaya-ɗaya gaban Baturen. Dogo ne, hancinsa ya sale da rana, yana jin Hausa. Malaminmu yana tsaye a bakin ƙofa ta ciki. Baturen ya tambaye ni sana'ar ubana, na ce su. Ya ce in gaya masa kifayen koginmu. Na jero tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, bargi, giwan ruwa, na tsallake guda ɗaya. Sai ya ajiye alƙalami ya ce, “An gaya mini a ƙasarku akwai kifi mai kwana cikin busasshiyar ƙasa da rani. Gaskiya ne?”

Ko nema ban yi ba, shi ya kawo maganar da kansa. Kalma ɗaya ce ta rage mini. Ban san ko da gaske yake tambaya ba ko tarko ne, a ga ko ɗan masunci ya waye. A bayana malamin ya yi gyaran murya, ƙaramin gyaran murya. Na miƙe ƙafafuna, na ɗaga murya yadda aka koya mana, na ce, “Ranka ya daɗe, maganar mutanen ƙauye ce. Kifi ba ya rayuwa sai a cikin ruwa.”

Baturen ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, “To.” Ya rubuta wani abu, ya ce a kira na gaba. Da na zo fita malamin ya dafa kafaɗata, karo na farko da hannunsa ya taɓa ni ba da tsumagiya ba. Na ji ƙyamar hannun, na ji ƙyamar kafaɗar.

Na ci jarrabawar. A shekarata ta biyu a midil, ina jujjuya wani tsohon littafin Turanci a ɗakin karatu, sai ga gaiwa a shafi, da 'yan hannuwanta na igiya, da zanen ramin da take shan iska, har da bayanin cewa in aka hana ta tasowa sama nutsewa take ta mutu. Duk abin da mahaifina ya faɗa a bakin ƙofar aji yana nan a rubuce, an buga shi tun ba a haife ni ba. Littafin malaminmu ne kawai ƙarami. Na rufe na fita waje na tofar da yawu.

Amma wannan daga baya ne. Ranar da muka dawo daga Nguru, la'asar ce, na tarar da mahaifina a zaure yana ɗinkin koma. Bai tambaye ni jarrabawa ba, bai tambaye ni jirgi ba. Ya ce, “Ka ga babban nasu?” Na ce na gan shi. Ya ajiye allurar ya ce, “Ka gaya masa?”

Na ce, “Baba, bai ba da dama ba. Ba a magana sai abin da ya tambaya, shi kuma bai tambaya ba.”

Ya sake ɗaukar allurar. Sa'an nan ya ce, “To, ba laifinka ba ne, tun da bai tambaya ba.” Bai sa na rantse ba, don a saninsa a gidansa ba a ƙarya. Ya ƙwala wa mahaifiyata kira ya ce a kawo wa yaro abinci, ya sha hanya. Gaiwa ce a miyar ranar, ta haƙo. Ya sa hannu ya ciro tsokar tsakiya, wadda shi ake ajiye wa, ya ɗora a gefena. Na cinye ta yana kallona.